Yadda Mace Za Ta Hau Babur a Filin Tsere a Ingila Karon Farko, da Kuɗin da Zai Ci Mata

Filayen tseren Ingila ba kullum ake gasa a cikinsu ba. Ranakun da babu gasa, kamfanoni kan ɗauki hayar filin su yanka shi gurbi-gurbi su sayar wa duk mai babur da lasisi. Sunan da za ki nema a intanet shi ne trackday. Ba tsere ba ne, ba a ɗaukar lokaci, babu ta ɗaya babu ta biyu. Kwalta ce mai kyau, kowa ya fuskanci gaba ɗaya, babu mota, babu mahaɗa, ga motar asibiti tana jira a gefe. Akan raba mahaya rukuni uku: 'yan koyo, matsakaita da masu gudu. Kowane rukuni ya shiga na minti 20 ya fito ya huta, a yi haka sau shida ko bakwai kafin yamma.

Abin da ya kamata ki riƙe tun yanzu, 'yar'uwa, shi ne kuɗin gurbi ba shi ne babban kashi ba. Babban kashi yana wajen sa kaya da babur su dace da jikinki, domin yawancinsu da awon namiji aka ƙera su. A nan ya kamata kuɗinki ya tafi, ba wajen ƙara ƙarfin inji ba.

Kayan da za ki tanada

Lasisi. Masu shirya ranar suna neman cikakken lasisin babur, kuma da idonsu za su gan shi da safe. Takardar CBT ta 'yan koyon titi ba ta isa ba. A tsarin Birtaniya ana samun A2 daga shekara 19, mai iyakar ƙarfin kilowat 35, sannan A marar iyaka daga shekara 24, ko 21 ga wadda ta yi shekara biyu da A2. Idan naki A2 ne ko na wata ƙasa ne, ki aika musu tambaya a rubuce kafin ki biya.

Rigar fata. Ko dai mai haɗe daga wuya zuwa idon sawu, ko riga da wando masu zif da ya zagaye ƙugu gaba ɗaya. Mai ɗan guntun zif a baya kawai za a mayar da ke. Ga mace, ta riga da wandon ta fi sauƙin sha'ani: kina iya haɗa riga lamba ɗaya da wando wata lamba, kuma shiga banɗaki ba ya zama aiki. Ki nemi ɗinkin mata. Rigar maza idan ta shige ƙugu sai ta yi yawa a kafaɗa da hannu, garkuwar gwiwar hannu ta riƙa yawo, ranar da aka faɗi kuma ta juya gefe ta bar ƙashi a fili. A shago ki sa ta ki durƙusa kamar kina kan babur, ki kama garkuwar gwiwa ki murɗa. In ta juya, rigar ta yi miki yawa. Fata mai kyau tana matsewa a tsaye, ta saki in an zauna. Sabuwa ta matakin farko tana kaiwa fam 350 zuwa 600. In babu hali, ana samun ta hannu a rabin kuɗin, sai dai ki bi ɗinkin kafaɗa da ɗuwawu da yatsa, ki ja zif ɗin sau da yawa. Wasu masu shirya ranar ma suna bayar da haya, amma ƙananan lambobi kan yi ƙaranci, sai an kama da wuri.

Hular kwano. Mai rufe fuska duka, ba mai ɗaga haɓa ba, mai shaidar ECE 22.05 ko 22.06. Da yawa suna son ganin tambarin zinariya na ACU, hukumar wasannin babur ta Birtaniya, a bayanta. Fam 150 zuwa 400 zai samo miki mai kyau. Wannan kam kada ki saya ta hannu, don soson da ke ciki in ya taɓa shan duka ya gama aiki, kuma ido ba ya ganewa.

A nan akwai abin da mai shago ba zai gaya miki ba. Ki je awon hula da irin kitson da za ki hau da shi. Shuku da duk kitson da ke tara gashi a tsakar kai ko ƙeya yana ɗaga hular, ya sa ki sayi wadda ta fi kanki girma, ranar da kika tsefe kuma ta riƙa rawa. Kitso ƙanana kwantattu masu tafiya baya su ne daidai, jelar ta sauka ƙasa da bakin hular a cusa ta cikin riga. Ban da ribom mai ƙarfe, ban da ƙulli. Mai rufe kai ta nemi siririyar hular yadi mai rufe kai da wuya wadda mahaya ke sawa ƙarƙashin kwano. Tana rufe gashi da wuya tsaf, ba ta bukatar fil ko allura, ta kuma tsotse zufa. Fil a ƙarƙashin hular kwano haɗari ne. Haka 'yan kunne, sarƙa, zobe da awarwaro, duk a bar su gida.

Garkuwar baya da ta ƙirji. Ta baya ki nemi mai lamba EN 1621-2 mataki na 2, tsawonta daga gindin wuya zuwa ƙashin ɗuwawu. In ta yi miki tsawo za ta riƙa tura hularki gaba duk lokacin da kika kwanta a kan tanki, ki kasa ganin hanya. Fam 60 zuwa 120. Ta ƙirji ba kowa ke wajabta ta ba, amma ni ina ganin bai kamata mace ta shiga babu ita ba, kuma akwai masu siffar mata. Riga mai jakar iska ta fi duka kariya, sai dai tana farawa ne daga ɗaruruwan fam. Tana iya jira zuwa lokacin da kika tabbatar za ki dore.

Safar hannu da takalmi. Safar fata doguwa mai haurawa kan hannun riga, mai maɗauri biyu, fam 70 zuwa 150. In yatsun sun fi naki tsawo, ragowar fatar za ta riƙa maƙalewa tsakanin yatsa da hannun birki. Takalmi dogo mai rufe ƙwauri, mai taurin idon sawu, fam 150 zuwa 250. Wasu filayen sun hana ƙarfen gwiwa ko na takalmi mai tartsatsi, don haka ki tsaya ga na roba.

Sai ƙananan kaya: gejin iska naki na kanki, famfo, tef mai faɗi, sifanu da makullan alan da suka dace da baburinki, man cen, tsumma, abin toshe kunne, siririyar riga da wando na ciki masu santsi don fatar ta shige ta fita da sauƙi, ruwa lita uku, abinci marar nauyi, kujerar naɗewa, da dadduma. Sai mai tsaron hannun birki, wani ɗan ƙarfe ko roba da ake ɗaurawa a ƙarshen hannun babur na dama don kada wani ya goge ki ya danne miki birki. Masu shirya ranar da yawa sun wajabta shi yanzu. Fam 20 zuwa 60 ne.

Idan kika haɗa kayan jiki duka sababbi, lissafin yana tsakanin fam 800 da 1,600. Sau ɗaya ake wannan kashin, kuma yawancinsa zai yi miki aiki a titi.

Babur fa? Wanda kike hawa a titi ya isa, muddin lafiyarsa ƙalau. Kada wani ya ce miki sai mai cc 1,000. Ana Carrasco 'yar Sifaniya, mace ta farko da ta ci kambun duniya a tseren babur na kwalta, a kan Kawasaki Ninja 400 ta ci shi a 2018. Ƙaramin babur yana cin taya kaɗan, mai kaɗan, yana kuma yafe kuskuren totur. Wadda ba ta son kasada da baburinta tana iya hayar wanda aka shirya don fili, sai dai hayar takan fi kuɗin gurbin kansa, ga kuɗin ajiya mai kauri da za a riƙe in an faɗi.

Mataki na 1: Zaɓen fili da rana

Kamfanin MSV shi ke da Brands Hatch, Donington Park, Snetterton, Oulton Park da Cadwell Park, yana kuma shirya ranakunsa. Akwai irin su No Limits masu zagaya filaye daban-daban. Ga mai farawa, gajeren zagayen Brands Hatch da ake kira Indy, mil 1.2, yana da daɗin haddacewa don kwanoninsa kaɗan ne, sai dai kwanar farko, Paddock Hill, gangara ce mai ɗaukar ciki, ga cunkoso. Donington da Snetterton suna da faɗi da filin kuskure a gefe. Cadwell Park kuwa siriri ne, ga tudun da ake kira Mountain inda tayar gaba ke tashi. Ki bar shi sai kin yi rana uku ko huɗu a wani wuri.

Gurbin yini guda yakan kama daga fam 120 zuwa 250, gwargwadon fili da wata. Babban zagayen Silverstone ya fi haka. Tsakiyar mako ta fi ƙarshen mako araha, kuma da bazara akwai zaman yamma na 'yan sa'o'i mai rahusa, wanda ya dace da mai son ɗanɗanawa. Ranakun Maris da Nuwamba suna da arha saboda kwalta na da sanyi, taya ba ta kamawa. Kada arha ta ja ki, ki fara tsakanin Mayu da Satumba. Ki sani kuma ruwan sama ba ya sa a fasa, ba a kuma mayar da kuɗi saboda shi.

Ki yi rajista a rukunin 'yan koyo ko da kin shekara goma a titi. In kin samu ranar 'yan koyo zalla ko ta mata zalla, ta fi. Maria Costello, wadda ta hau mumbarin nasara a gasar Manx Grand Prix a 2005, ta daɗe tana shirya wa mata irin waɗannan ranaku. Mai azumi ta ɗaga zuwa bayan salla, don zufar da ake yi cikin fata ba kaɗan ba ce, kuma ƙishirwa hankali take fara ci. Mai juna biyu kuma ta haƙura gaba ɗaya.

Mataki na 2: Inshora

Inshorar titi ba ta aiki a fili. In kin faɗi, gyara naki ne, in wani ya buge ki ma haka, domin kowa ya sa hannu cewa ya ɗauki kasadarsa. Ana sayar da inshorar rana ɗaya, farashinta na bin darajar babur, kuma akwai kaso mai yawa da za ki fara biya da kanki kafin su sa hannu. Ga tsohon babur mai arha sau da yawa ba ta biya. Ga sabo wanda ba ki gama biyan bashinsa ba, kada ki shiga babu ita. Ki duba kuma ko kamfanin da ke ɗauko ki in kin lalace a hanya yana zuwa filin tsere, don da yawa ba sa ɗaukar baburin da ya faɗi a can.

Mataki na 3: Duba babur, mako guda kafin ranar

Mako guda, ba daren ranar ba, don a samu lokacin sayen abin da ya ƙare. Taya ta zama mai sauran zane sosai, babu faci, babu tsagewa. Tayar da tsakiyarta ta baje saboda doguwar hanya takan sa babur ya yi gardama wajen kwanciya sannan ya faɗa kwana farat ɗaya. Sababbi guda biyu da ɗauri suna kaiwa fam 250 zuwa 350. Tayar titi ta wasanni ta ishi 'yar koyo, ba ta bukatar bargon ɗumama taya. Kada ki sa ta gasa marar zane, don in ba ta yi zafi ba, ta fi ta titi santsi, kuma gudun mai koyo ba ya riƙe mata zafin.

Takalman birki su kasance da aƙalla milimita 3 na nama. Man birki in ya wuce shekara ɗaya zuwa biyu a canza shi. Yana shan danshi, in ya yi zafi ruwan ya tafasa, sai ki ja hannun birki ya taho har jikin roba babu komai. Ki duba baƙin mai da ruwan lagireto, ki tabbatar babu ɗigo ko kaɗan, musamman a bakin shokazoban gaba. Cen ya samu mai, sakinsa kuma ya bi littafin babur. In za a yi kuskure gara ya ɗan saki da ya ɗaure. Totur ya koma da kansa in an sake shi, ko an juya kan babur hagu ko dama. Sannan ki bi kusoshi ɗaya bayan ɗaya.

Salansa ma abin dubawa ce. Filayen Ingila suna da iyakar ƙara saboda maƙwabta, galibi desibel 102 ko 105, wasu ranakun ƙasa da haka. In kin sa salansar kasuwa, ki zo da toshiyarta, ko ki mayar da ta kamfani. Wadda ta faɗi gwajin ƙara ba ta shiga, kuɗinta kuma ya tafi.

Mataki na 4: Daidaita babur da jikinki

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi canza wa mace ranarta.

Fara da hannun birki da na kuloci. Yawancin babura suna da ɗan maballi mai lambobi a gindin hannun birki. Ki juya shi har gaɓar farko ta yatsunki biyu ta kwanta a kai ba tare da kin saki totur ba. In babu maballin, ana sayar da masu shi. Ki sassauta kusoshin ki sunkuyar da su ƙasa kaɗan, yadda in kin zauna hannunki da yatsunki za su miƙe a layi ɗaya. Haka fedar giya da ta birkin baya: ƙaramar ƙafa cikin takalmi mai tauri takan kasa shiga ƙarƙashin fedar giya, sai a ɗan ɗaga ko a sauke ta.

Sai shokazoba. Kamfanoni suna saita sifirin ne don mai nauyin kilo 75 zuwa 80. Mai kilo 55 in ta hau, babur ba ya nutsewa yadda ya kamata, sai ya riƙa tsalle a kan ƙananan kunya, taya ta riƙa rabuwa da ƙasa, ita kuma ta ɗauka rashin iyawarta ne. Ga yadda ake awo, da mutum biyu masu taimako. A ɗaga bayan babur har taya ta saki, a auna daga tsakiyar gindin taya zuwa wata alama da aka yi da tef a jela, a rubuta. Ki hau da cikakken kayanki, ƙafa biyu a kan mataki, ɗaya ya riƙe babur ɗaya ya sake aunawa. Bambancin ya kamata ya faɗa tsakanin milimita 25 da 35. A yi haka a gaba. In bai kai ba a sassauta matsin sifirin. In an sassauta har ƙarshe bai kai ba, sifirin ya yi miki tauri, sai an canza shi da mai laushi. A yawancin ranakun akwai mai saita shokazoba a harabar fili, yana yi a kan fam 40 zuwa 60. A ganina babu kuɗin da ya fi wannan amfani a duk ranar.

Game da tsayi: a fili ba a tsayawa sai a layin gareji, wato hanyar gefe da ake bi a shiga fili a kuma fita, don haka ƙafa ɗaya a ƙasa ta isa. Ki zame ɗuwawu gefe ki dasa ta hagu. Rage soson sirdi ya fi sauke babur da ƙarfe, domin saukewar tana rage tazarar da ke tsakanin mataki da kwalta, ki fara gogar ƙasa tun ba ki kwanta sosai ba. In an riga an sauke shi, a tabbatar an sauke gaba da baya daidai.

Mataki na 5: Zuwa fili

Kina iya hawa ki je, shi ne mafi arha, amma in babur ya faɗi ba ki da abin komawa, kuma da yamma gajiya za ta yi miki yawa. Hayar motar kaya ta yini tana kaiwa fam 60 zuwa 100, in kun haɗu ku biyu sai ku raba. Ana fara rajista wajen ƙarfe 7:30 na safe, don haka in filin ya yi nisa ki kwana kusa. Ki shigo da tanki cike. Babur mai cc 600 yana iya shan lita 25 zuwa 30 a yini, wato kusan fam 40, ƙarami kuma ƙasa da haka. Man cikin fili ya fi na gari tsada. In za ki zo da naki, dokar Birtaniya ta yarda da jarkar roba har lita 10, ta ƙarfe har lita 20.

Mataki na 6: Safiya

Ki yi rajista, a ga lasisi, a ɗaura miki abin hannu, a liƙa wa babur takardar rukuni. Ki kai shi gwajin ƙara da inji mai ɗumi. Za a kara na'ura rabin mita daga bakin salansa a ce ki riƙe totur a wani adadi, mai silinda huɗu na cc 600 wajen juyin inji 7,000 a minti.

Ki cire madubai ko ki rufe su da tef, ki rufe gilashin fitilu. Wasu kan rufe allon gudu ma, don ido ya daina sauka can. Sannan ki rage iska. A titi babura da yawa suna kan 36 gaba 42 baya, a ma'aunin psi na gejin iska. A fili taya tana zafi iska ta kumbura, don haka akan fara da kusan 30 zuwa 32 gaba, 30 baya, a sanyi. Mai sayar da taya a harabar zai gaya miki adadin da ya dace da irin taki kyauta. In ana ruwa ki bar ta kusa da ta titi.

Bayanin tsaro wajibi ne, wadda ba ta halarta ba ba ta shiga. A nan za a bi tutoci. Rawaya: akwai haɗari a gaba, rage gudu, ba wucewa. Ja: an tsayar da zaman, ki rage gudu a hankali ki koma layin gareji, kada ki tsaya taimakon kowa ko da ƙawarki ce, akwai masu wannan aikin. Mai ratsin ja da rawaya: akwai santsi, mai ko ruwa. Baƙa in an nuna ki: ki shigo, akwai magana ko wani abu na zuba daga baburinki. Mai dara-daran baƙi da fari: lokaci ya cika, ki ƙarasa zagayen ki fita.

Doguwar riga ko abaya a kan fata babu laifi a haraba, mata da yawa ma suna yafa wani abu saboda iska. Amma kafin ki ɗora ƙafa a kan babur, ko na tafiyar mita goma ne, ki cire ta. Cen da tayar baya ba sa barin yadi.

Mataki na 7: A kan kwalta

Zagaye biyu ko uku na farko a bayan malami ake yi, a jere, ba wucewa. Ki lura da inda yake bi, inda masu tuta suke tsaye, da ƙofar fita. Wajen shiga fili akwai farin layi a bakin layin gareji, kada ki tsallaka shi, masu tahowa da gudu suna ɗaya gefen.

Kowane zama ki ba taya zagaye biyu ta yi ɗumi kafin ki kwantar da babur. Faɗuwa da yawa a zagayen farko take faruwa, musamman da sassafe da bayan hutun rana.

Kwana kuwa tsarinta ɗaya ne. Ki gama yawancin birki da rage giya babur yana tsaye, ki saki birkin a hankali ba farat ɗaya ba, ki juya kai ki kalli inda kike son zuwa, ki kwantar, sannan ki buɗe totur sannu-sannu yayin da babur ke miƙewa. Yawancin filaye suna ajiye mazugi a inda ake juyawa, da cibiyar kwana, da mafita. Kuskuren da ya fi yawa shi ne shiga kwana da wuri saboda tsoro, wanda ke jefa mutum waje a mafita. Ki jinkirta kaɗan. Na biyu shi ne kafa ido a kan abin da ake tsoro. Babur ido yake bi, in kin kalli tsakuwa can za ki. Duk lokacin da kika ji kamar kin shigo da gudu fiye da kima, ki mayar da ido mafita ki ƙara kwantarwa. A gudun 'yan koyo, taya tana da sauran riƙo fiye da yadda zuciya ke faɗa.

Ki matse tanki da cinya lokacin birki, hannu ya zama sake. Mai riƙe nauyinta da hannu, kafin azahar damtsenta ya ƙage ta kasa jan birki. Tafin ƙafa na gaba a kan mataki, kada yatsu su leƙa ƙasa. Maganar goga gwiwa a kwalta ki ajiye ta, tana zuwa da kanta.

Kada ki waiwaya, kada kuma ki kauce don ba wani hanya. Nauyin wucewa lafiya yana kan mai wucewa, abin da yake nema gare ki kawai ki tsaya kan layinki. Za a wuce ki, wani lokaci kusa har ki ji iskar. Ki ci gaba da abin da kike yi. In cunkoso ya dame ki, ki bi ta layin gareji a hankali ki sake fitowa inda babu kowa. Za ki fita kuma, ki ɗaga hannun hagu tun da nisa ki kama gefen ƙofar.

In kin zarce cikin tsakuwa, ki miƙar da babur, ki saki birkin gaba, ki taɓa na baya kaɗan, tsakuwar za ta tsayar da ke. In kin faɗi, ki saki babur, kada ki yi yunƙurin tashi sai kin tabbatar kin daina zamewa. Ki duba masu tahowa, ki haye bayan shinge da hularki a kai. Babur aikin ma'aikata ne. Ko kin ji garau ki je wurin likitan fili, hular da ta bugi ƙasa kuma ta gama.

Malaman da ke sanye da riga mai haske suna nan ne don ki tambaye su. A wurare da yawa zama ɗaya da malami kyauta ne ko kuɗi kaɗan. Ki nema tun da safe kafin layi ya cika, ki ce ya bi ki a baya sannan ya wuce gaba ki bi shi.

Mataki na 8: Tsakanin zama

Minti 40 ne hutunki. Ki buɗe zif, ki sha ruwa ko ba kya jin ƙishi, ki duba mai, ki zagaya babur da ido. Taya ta yi ɗumi, fuskarta ta yi ɗan kaushi daidai. In tana yagewa ko ta yi shuɗi, ki kai wa mai taya ya gani. Hutun rana kusan awa guda ne, ya ishi salla da abinci, amma abinci mai nauyi yana kawo kasala a zaman da ke biye. Da kin fara kuskuren giya ko kin manta wace kwana ce a gaba, ki bar zama na gaba ya wuce. Zaman ƙarshe na yamma, lokacin da jiki ya gaji zuciya kuma ta saba, shi ne wanda ya fi cancanta a yafe.

Lissafin yini

Bayan kayan jiki, rana ɗaya ga mai baburinta takan tsaya haka: gurbi fam 120 zuwa 250, man fili kusan 40, rabon cin taya da birki da baƙin mai kusan 40 zuwa 60, sai hanya da abinci. Jimilla fam 250 zuwa 400. Motar kaya, masauki, inshora da hotunan mai ɗaukar hoto na fili kowanne ƙari ne, suna iya kai ranar fam 600. Faɗuwa ko ƙarama ce tana cin hannun birki, mataki da robar jiki, ɗaruruwan fam kenan, in robobin kamfani ne su haura dubu. Shi ya sa robobin kariya na gefen inji da murfin inji, na fam 100 zuwa 200, suke biyan kansu tun a zamewar farko. Wadda ta ga za ta riƙa zuwa sau biyar ko shida a shekara, gara ta sayi tsohon babur mai arha ta keɓe shi don fili, ta sa masa robobin kasuwa, ta bar na titi lafiya.

Mataki na 9: Kafin ki kama hanyar gida

In hawa za ki yi, ki jira taya ta huce ki mayar da iskar titi, ki ɓare tef daga fitilu, ki ɗaura madubai. Ki duba kaurin takalman birki, yini guda a fili yana cinsu fiye da watanni a gari. Ki zauna minti 20 ki sha shayi kafin ki tashi. Bayan yini ana gudu, mil 60 a awa zai zame miki kamar tafiyar ƙafa, don haka a mil goma na farko ki riƙa duban allon gudu, ki kuma tuna tayar da ke ƙarƙashinki yanzu ta yi sanyi.